Na cire katalis don mota ta ƙara gudu, yanzu kuma za a auna hayaƙinta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a wani ƙauye kusa da Ringim, kuma ina da Toyota Corolla ƙirar 2008. Bara wani bakanike ya cire mini katalis ɗin da ke cikin salansa, wanda suke kira indomi, ya jona miƙaƙƙen bututu, ya ce za ta fi tashi. Yanzu ɗana ya samu aiki a Abuja zai tafi da ita, kuma an ce a can da na'ura ake auna hayaƙi kafin a ba da takardar lafiyar mota. In sayi wani katalis, ko kuwa maganin da ake zubawa a tanki ya isa?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Ka ajiye maganar maganin tanki, domin iyakar aikinsa wanke nozul, ba zai maye gurbin abin da aka yanke aka fitar ba. Katalis wani dutse ne mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, an shafe shi da ƙarafa masu tsada, wato filatinam da faladiyam da rodiyam, kuma idan ya yi zafi sai ya sauya gubar da ke cikin hayaƙi, musamman iskar kabon monoksayid da ragowar fetur ɗin da bai ƙone ba, ta zama mai sauƙin illa. Waɗannan su ne abubuwan da na'urar take aunawa idan aka zura mata baki cikin salansa. Tsadar ƙarafan nan ce kuma ta sa wasu ke gaggawar ba da shawarar a cire shi, saboda haka da ni ne, da na tambayi bakaniken inda tsohon ya shiga.

Ba na musun cewa ka ji motar ta saki jiki bayan an cire. Sai dai a injin da ba a taɓa cikinsa ba ƙarin ƙarfin kaɗan ne ƙwarai, kuma idan bambancin ya yi yawa, alama ce cewa tsohon katalis ɗin ya riga ya toshe. Katalis kuwa ba ya toshewa haka kawai, yawanci inji mai shan baƙin mai ne ko fulogin da ba ya ƙona fetur daidai yake kashe shi. Idan ba a gyara wannan ba, sabon da za ka saya ma haka zai ƙare, don haka a fara sa kwamfuta a karanta abin da ya kunna fitilar inji, a duba fulogi da sensa biyun da ke gaba da bayan katalis, masu auna iskar da ke cikin hayaƙi.

A wajen saye, na fi son ka je Ƙofar Ruwa a Kano tare da bakaniken da ka amince da shi, ka nemi ɗan Kwatano na ainihin ƙirar motarka, maimakon sabo mai araha wanda ƙarfen da aka shafa masa bai taka kara ya karya ba. Ka haska cikinsa da tocila ka ga saƙar a cike take, babu fashewa ko narkewa, sannan ka girgiza shi, idan ya yi ƙarar tsakuwa ka mayar. Akwai masu sayar da gwangwanin da aka riga aka farke cikinsa aka sake walda, don haka ka kula da sawun walda, kuma ku yi magana tun a gaban shaida cewa za a karɓa idan fitilar inji ta dawo. Wani zai ba ka shawarar ɗaura wa sensar baya ɗan ƙarfen da ke kashe fitilar. Wannan kwamfutar motar kawai yake ruɗa, hayaƙin yana nan yadda yake. Dokar hayaƙin motoci ta NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, tana nan tun 2011, rashin na'ura a ƙauyukanmu ne ya sa ba a jin ta. Ranar awo, ɗanka ya tuƙa motar kamar minti 20 kafin ya shiga layi, domin katalis mai sanyi ba ya aiki.

Tambaya: Malam, ni direban Golf ne, ina jigilar 'yan kasuwa zuwa Wudil ranar Juma'a. Na sa inji mafi girma saboda kaya, an cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, don kada ta yi zafi, kuma yanzu tana baƙin hayaƙi. Me zan gyara kafin jami'an VIO su tare ni?

Amsa: Ɗan'uwa, baƙin hayaƙi na nufin fetur ya fi iska yawa, kuma a farashin da ake sayen mai tun bayan cire tallafi a 2023, kuɗinka ne ke fita ta salansa. Ka fara mayar da tamostat, domin injin da bai kai zafinsa ba yana sa kwamfutar mota ta ci gaba da tura mai kamar yanzu aka tashe shi da asuba; idan tana zafi, a wanke lagireto a duba fanka. Ka canza matatar iska, wadda ƙurar burji da ta hunturu ke toshewa da wuri, kuma ka tabbatar kwamfutar da ke motar ta sabon injin ce, ba ta tsohon ba. Sannan ka je ofishin lasisi a sauya lambar inji a takardunka, domin jami'in da ya ga lambar ta saɓa ba zai ma tsaya maganar hayaƙi ba.