Amsa: in an bar wa 'yan jam'iyya wuƙa da nama, abin zai gyaru?

Ɗan'uwa ka tambaya ko barin mambobi su zaɓi shugabanni da 'yan takara da kansu zai gyara jam'iyya. Ni dai a ganina zai rage wani abu amma fa ba duka ba.

Matsalar daliget kowa ya san ta, mutum kaɗan ne, mai kuɗi zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya ya saye, amma in mutum dubu ɗari ne za su kaɗa ƙuri'a to aljihun wa zai ɗauka? Jam'iyyar SPD a Jamus ma har yarjejeniyar shiga gwamnatin haɗaka da shugabar gwamnati ta lokacin, Angela Merkel, sai da ta kai wa mambobinta suka amince, a 2013 da kuma 2018.

Sai dai kar mu ruɗi kanmu, masu katin jam'iyya ba su ne jama'ar ƙasa ba, galibi sun fi zafin ra'ayi. A Ingila a 2022 mambobin Conservative suka ɗauki Liz Truss suka bar Rishi Sunak alhali 'yan majalisarsu sun fi son shi, ko wata biyu ba ta yi a kujerar firaminista ba.

Ni abin da ya fi damuna ma rajista ce wallahi. Wa ke riƙe da littafin sunayen? In shugabannin ne ke rubutawa su goge yadda suka ga dama, to ranar zaɓe za ka ga sababbin mambobi sun tsiro kamar daga ƙasa. A rufe rajistar watanni kafin zaɓe, kowane ɗan takara a ba shi kwafi.