Shin launi yana iya zama wakili?

Wata malamar firamare daga Gusau ta tambaya: daidai ne a koya wa yara cewa fari a tutar Najeriya "yana wakiltar" zaman lafiya?

Malama, wannan Hausar fassara ce. Turanci yana da aikatau guda, represent, mai ɗaukar ayyuka da yawa, sai masu fassarar labarai suka ɗora su duka a kan wakilta.

Wakili kalma ce da muka aro daga Larabci, kuma mutum take nufi, wanda aka ba izinin tsayawa a madadin wani. A wurin ɗaurin aure, wakilin ango shi ke neman auren, shi ke karɓa daga waliyyin amarya, kuma abin da ya amsa ya hau kan ango. Haka mutum 360 da ke Majalisar Wakilai ta Abuja, kowanne da mazaɓar da ta turo shi. A lura kuma da wani bambanci da yake yawan kuɓuce wa marubuta: "Sarki ya wakilta Galadima" na nufin sarki ne ya tura shi, amma "Galadima ya wakilci Sarki" na nufin ya je a madadinsa. Wanda ya rikita waɗannan biyu ya mai da ubangida ɗan aike.

Gwajin da nake ba ɗalibai shi ne: za a iya tambayar abin "wa ya aiko ka?" ya amsa? Launi ba zai amsa ba. Don haka a ce wa yara fari alama ce ta zaman lafiya, kore kuma yana nuna albarkar noma. Hausawa sun ce alamar ƙarfi tana ga mai ƙiba, ba su ce ƙiba tana wakiltar ƙarfi ba.

Inda abin ya fi damuna shi ne lissafi. Za ka ji an ce jihohi 7 na Arewa maso Yamma "suna wakiltar" kashi 19 cikin ɗari na jihohi 36. Sun kai kashi 19, ko su ne kashi 19, ya wadatar.

Sauran ayyukan represent ma kowanne da kalmarsa a Hausa. Lauya yana tsaya wa mutum a kotu ko yana kare shi, kodayake a nan wakilci ma ya halatta, tunda ɗaukarsa aka yi. Mai zane yana siffanta abu. Harafin ƙ kuma yana tsayawa ne a matsayin sautin da ke farkon "ƙasa".