Bidiyon iPhone na tsinkewa a wayata, mai gyara ya ce sai na saka sabon kodek

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Don Allah ina cikin damuwa, wayata Android ce ta kai shekara uku, duk bidiyon da yayana ya ɗauka da iPhone ya turo min sai ya riƙa tsayawa yana tafiya, murya ta yi gaba hoto na baya, wayar ta ɗau zafi kamar za ta ƙone, wani ma baƙi ƙirin nake gani sai sauti kawai. Amma YouTube lafiya lau. Mai gyara ya ce kodek ɗina ne ya tsufa, ya turo min linki in sauke sabo, in bai yi ba sai a yi mata fulashin. Wayar ce ta fara mutuwa? In sauke?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka sauke, kar kuma ka bari a yi mata fulashin, wayarka lafiyarta ƙalau.

Tun iOS 11 a 2017 iPhone ta koma ɗaukar bidiyo da wani kodek, wato tsarin matse bidiyo da warware shi, mai suna HEVC, wanda ake ce wa H.265, daga iPhone 12 kuma ta ƙara HDR mai bit 10 a kai, wato ƙarin haske da launi a hoton. Kusan na tabbata yayanka a matsayin dokumen yake turo maka, don da ta hanyar da aka saba ce WhatsApp da kansa zai matse shi ya mai da shi H.264, wanda tun 2003 yake nan kuma ba wayar da ba ta iya shi. To a cikin cip ɗin kowace waya akwai wani ɓangare da aikinsa kawai warware bidiyo, yana da iyakar irin kodek da girman hoton da zai iya ɗauka. Idan fayil ya fi ƙarfinsa sai aikin ya koma kan firosesa, wato babbar ƙwaƙwalwar wayar, ita kuma ta riƙa lissafin hoton 4K, ɗigo sama da miliyan 8 a kowane firem, wani lokaci sau 60 a daƙiƙa ɗaya. Ga inda zafin ya fito, ga dalilin da murya ke tsere wa hoto tunda sauti ba shi da nauyi. YouTube kuwa shi yake zaɓar maka kodek da girman da wayarka za ta iya, shi ya sa ba ka ganin komai.

Yanzu bari mu zo kan maganar linkin nan, don wallahi ita ce ta fi damuna, kullum sai an kawo min ita. Wancan ɓangaren da na faɗa maka a jikin cip yake, tun daga masana'anta aka sassaƙa shi, ba a saukar da shi daga intanet, ba APK ɗin, wato fayil ɗin saka manhaja, da zai dasa maka shi. Dubi kodek ɗin AV1 da ya fito a 2018, Apple da duk kuɗinta sai a iPhone 15 Pro a 2023 ta saka shi a cip, Qualcomm mai ƙera cip ɗin wayoyin Android sai a Snapdragon 8 Gen 2, da ana iya turo shi ta linki me zai sa su jira shekaru su ƙera sabon cip? Kodek na manhaja kuwa, wanda firosesa ke gudanarwa, ko dai yana zuwa a cikin fileya irin VLC ko kuma ta sabuntawar Android ita kanta, ba ta hannun wani mai tura linki a WhatsApp ba.

Abin da ke cikin irin waɗannan linkin ka buɗe ka gani. Zai ce ka ba da izinin saka manhaja daga wajen Play Store, ka bayar, sai ya nemi izinin karanta SMS, sai ya ce ka kunna masa Accessibility, saitin da aka yi don taimaka wa masu buƙata ta musamman, wai don bidiyo ya yi santsi. Kai ka tambayi kanka mana, me ya haɗa kallon bidiyo da saƙonninka? Lambar OTP ta banki yake nema, da izinin Accessibility ɗin kuma yana ganin duk abin da ke kan sikirin, yana iya danna abu da kansa kana barci. Wannan dabarar ta tsufa, tun zamanin kwamfuta ake yin ta, a nuna maka bidiyo a ce ba zai buɗe ba sai ka saka kodek, amma har yau tana cin mutane saboda masu gyara da ba su san komai ba sai fulashin suna yaɗa ta da bakinsu. Wasunsu ba mugunta ba ce, jahilci ne, an turo musu sun tura. Amma mutum ya ba ka amanar wayarsa da hotunan iyalinsa da asusun bankinsa a ciki, in ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, ku ji tsoron Allah. Fulashin ma haka, za a goge maka komai, a mayar da manhajar a kan cip ɗin nan dai, bidiyon ya ci gaba da tsinkewa. Da masu canza ƙarshen sunan fayil daga .mkv zuwa .mp4 su ce sun gyara, waɗannan buhu ne kawai, ka sauya rubutun jikin buhu kayan ciki suna nan yadda suke.

Abin yi ba shi da yawa. Ka fara gwada VLC daga Play Store, ƙananan fayil zai iya buɗe su, kawai ka sa ran zafi da shan caji. Maganin gaske yana wurin yayanka, ya shiga saitin kyamara, Formats, ya zaɓi Most Compatible, ya kashe HDR, 1080p ma ya ishi sikirin waya. Tsofaffin kuma ya sake turo su a matsayin bidiyo ba dokumen ba, ko a juya su zuwa H.264 da manhajar HandBrake a kwamfuta, kyauta ce.

Idan kuma ka riga ka danna linkin kafin amsar nan ta iso ka, kashe data yanzu, shiga Accessibility ka cire masa izini, goge shi, sannan ka canza lambobin sirrin bankinka da na imel daga wata wayar daban, ba wannan ba.