Amsa ga mai son zuwa Jeronimos a Lisbon

Wayyo 'yar uwa, da na ga kina tambaya ko wuni ɗaya a Lisbon, babban birnin Portugal, zai ishe ki leƙa tsohon gidan 'yan zuhudun nan na Jeronimos, sai tsohon miki ya tashi, don ni ma lissafin da na yi ke nan.

Zai isa, amma ban da Litinin, a rufe yake. Kuma layi biyu ne: na coci daban, na farfajiyar ciki mai hawa biyu daban, shi ne mai tikiti. Ni ban sani ba. Wani mutum da kati rataye a wuya ya tare ni, wai shi jagora ne, zai shigar da mu ba layi. Na ƙirga kuɗi na ba shi, ya ce in tsaya nan yana zuwa. Na tsaya. Rana na dukana, ƙafa ta kumbura, yarona na ta kuka, ni kuwa sai leƙen hanya nake. Har yau in na tuna murmushinsa sai in ji ɗaci a maƙogwaro. Allah ya isa! Ashe cocin ma lokacin kyauta ake shiga.

Da na shiga dai, na ɗan huce. Sarkin Portugal Manuwel na ɗaya ya sa aka fara ginin a 1501, da harajin barkono da kayan yajin da jiragensu ke kwasowa daga Indiya da Afirka, aka shafe kusan shekara ɗari ana yi. Shi ya sa za ki ga igiyar jirgin ruwa sassaƙe a jikin dutse, kamar ki kama ki ja. Ginshiƙan sirara, rufin can sama, amma girgizar ƙasar 1755 da ta ragargaza Lisbon ba ta kayar da shi ba. Kabarin Vasco da Gama, jagoran jiragen Portugal na farko da suka kai Indiya ta teku, na nan daf da ƙofa. Na daɗe a gabansa ina tunanin gumin wa ya biya wannan ado.

Ki yanki tikiti ta intanet tun daga gida, ki yi sammako. In kin hau jirgin ƙasan cikin gari mai lamba 15 zuwa Belem, unguwar da ginin yake, ki rungume jakarki a gaba. Ki sa takalmi mara tsini, ki riƙe ruwa, kuma duk wanda ya tare ki da kati a wuya, ko kallonsa kada ki yi.