Me Ya Dace a Sha da Fanken Turawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce mai koyon girki a Maraɗi. A darasinmu na fanken Faransawa, wanda ake soyawa fale-fale a kasko, an koya mana cewa kowane iri yana da giyar inabin da ta dace da shi. Ni ba na shan giya, kuma ba zan kai wa baƙina ba. Mece ce hikimar wannan haɗi, kuma me zan ajiye a madadinta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki kwantar da hankalinki, domin ko a yankin Bretagne da ke arewa maso yammacin Faransa, inda wannan fanke ya fi suna, giyar inabi ba ita ce abokiyar tafiyarsa ta gado ba. Mutanen can sun saba haɗa shi da ruwan tuffa da aka bari ya tsimu, wanda shi ma barasa ne, ko kuma da lait ribot, wato nono mai ɗan tsami da ya rage bayan an kaɗe mai. Wannan na biyu halal ne, kuma duk wanda ya san nonon Fulani zai gane ɗanɗanonsa tun a kurɓin farko.

Masu zaɓen giya abu biyu suke dubawa. Fanke yana ɗauke da man shanu da ƙwai da madara, saboda haka yana buƙatar abin sha mai tsami da zai wanke maiƙon daga harshe, don kada ya gundiri mai ci tun bai kai rabi ba. Sannan idan an zuba masa zuma ko sukari, dole abin shan ya kamo shi a zaƙi, in ba haka ba sai ya koma salam a baki, ko ma ya yi ɗaci. Abin da ya sa kenan suke kawo giya mai zaƙi irin ta Sauternes a kan fanken zaƙi. Babu ɗaya daga cikin dalilan nan biyu da ya rataya a kan barasa.

Ga fanken gishiri, wanda Faransawa ke yi da garin sarrasin, wata ƙwaya mai duhu da ake niƙawa kamar hatsi, su sa masa ƙwai da cuku, ni dai ban ga abin da ya kai kindirmo ba, a dama shi da ɗan ruwan sanyi ba tare da sukari ba. Ruwan tsamiya ma yana yi, muddin ba a cika masa zaƙi ba. Ga fanken zuma ko na cakulan kuwa, zoɓo mai citta da aka zaƙaƙa sosai ya fi, saboda yana da tsamin da zaƙin a kofi guda. Kunun aya ba na ba da shawararsa, domin kaurinsa kan haɗu da na fanken su yi wa ciki nauyi. Idan irin na Ingila kika yi, mai lemon tsami da sukari, baƙin shayi ya wadatar.

Ki kula da abu biyu a littafinku. Wanda ake kira crêpe Suzette ana zuba masa barasar lemo a kunna masa wuta, kuma wutar ba ta cinye barasar duka, saboda haka ki tafasa ruwan lemon zaƙi da ɓawonsa da man shanu da sukari har su yi kauri, ki yi amfani da su kawai. Haka kuma galette complète, wato fanken gishiri mai ƙwai da cuku da nama, da naman alade ake yin ta, sai ki musanya shi da tsokar kaza ko ta talotalo.