Amsa ga mai tambayar ko data ta fi araha a Najeriya

Ɗan'uwa da ka tambaya wai da gaske ne datarmu ta fi ta sauran ƙasashe araha, bari in ɗan tofa albarkacin bakina don sana'ata kenan, cajin waya da saida kati nake a wani ƙauye kusa da Maigatari, kuma duk Alhamis ina kai kayana kasuwa, mutanen Nijar su ne rabin kwastomomina.

In da dala za a auna to eh, tamu na cikin masu sauƙi, amma fa tun da aka saki naira a 2023 ta zube, shi ya sa in an juya kuɗin zuwa dala sai ka ga kamar kyauta muke sha, alhali wa ke biyanmu da dala a nan? Ga shi a Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yarje wa kamfanoni ƙarin har kashi 50 cikin ɗari, su ma suna kukan dizal ɗin da suke zuba wa janaretocin eriyoyinsu.

Su 'yan Nijar layi biyu suke riƙewa, na can Zamani ko Moov, na nan MTN ko Airtel, in sun canza saifa ɗinsu sai su ce in loda musu tamu ta fi musu sauƙi. Dalili ƙasarsu ba teku, wayar intanet ɗin da ke bi ta ƙarƙashin ruwa a irin su Legas da Kwatano take sauka, kafin a ja ta har Damagaram ai kuɗi ya hau. Indiya kuwa tun da kamfanin waya na Jio ya shigo a 2016 ya karya farashi kowa ya bi dole. Yayana da ya je Umara ya sayi layin STC na Saudiyya, da ya lissafa da naira sai da ya yi salati, amma wanda ke ɗaukar albashi da riyal ko a jikinsa.

Ni dai ma'aunina shi ne wuni nawa za ka yi ƙwadago a gonar riɗi kafin ka haɗa kuɗin datar wata, sannan in ka saya tana ja? Wallahi a garinmu sai na hau tudun bayan makabarta da daddare nake iya sauke karatun malamai, da damina ma in hadari ya haɗo sabis ɗauke wa yake gaba ɗaya, watan jiya giga biyu ina ji ina gani wa'adinta ya ƙare ban ci rabi ba.