Filin Tambaya da Amsa: Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, yaya Ayilan ta yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, don Allah ina son ƙarin haske. Lokacin da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai na riƙa jin ana cewa Ayilan ce za ta fi ji a jikinta, to ni abin da ya ɗaure min kai, wani ne ya fita amma wani ne hankalinsa ya tashi, yaya haka? Kuma wane shiri gwamnatinsu ta yi? Daga Sa'adatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malama Sa'adatu. Ai idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa, balle Ayilan da Birtaniya da rana ɗaya suka shiga ƙungiyar a 1973, kuma ita kaɗai ce a Tarayyar take da iyaka ta ƙasa da Birtaniya, kusan kilomita 500 tsakaninta da Arewacin Ayilan, wanda yanki ne na Birtaniya, da hanyoyin tsallakawa sama da 200. Wani manomin gonarsa na nan, kamfanin da yake kai wa madara na can.

Ga kuma kasuwa. Wajen rabin naman shanun da Ayilan ke fitarwa Birtaniya yake zuwa, sannan ko kayan da za ta kai Faransa ko Jamus, tireloli sai su hau jirgin ruwa daga Dublin zuwa Holyhead, su ratsa Wales da Ingila ta titi, su sake hawa wani jirgin a Dover zuwa Calais, don ta nan ya fi sauri. Kin ga ke nan wanda ya fita shi ne kwastoma, shi ne kuma hanya.

Abin da ya burge ni da su shi ne ba su zauna jiran a daidaita ba. An yi ƙuri'ar raba gardama 23 ga Yuni 2016, Birtaniya ba ta fita ba sai 31 ga Janairu 2020, ainihin dokokin kasuwancin ma sai ƙarshen Disambar shekarar suka canza, to wannan tazarar suka yi amfani da ita. A 2018 suka buɗe rancen yuro miliyan 300 ga ƙananan kamfanoni, a 2019 majalisa ta yi wata babbar doka guda da ta tattara abubuwa birjik, kiwon lafiya, haraji, fansho, har motocin bas masu tsallaka iyaka. Kasafin kuɗin 2020 kuwa ministan kuɗi Paschal Donohoe ya gina shi ne a kan cewa za a rabu baram-baram ba yarjejeniya, wato sun ɗauka mafi munin ne zai faru, in ya zo da sauƙi falillahil hamdu.

Ya kuma zo da ɗan sauƙi, ranar 24 ga Disamba 2020 aka cimma yarjejeniyar ba harajin shigo da kaya. Amma nan mutane ke kuskure, suna jin ba haraji sai su ce ai shi ke nan. Ina! Direban da a da yake wucewa kawai, yanzu sai da takardar kwastam, in nama ya ɗauko sai da shaidar likitan dabbobi, a kuma nuna a wace ƙasa aka yi kayan, kuma kayan da ke lalacewa ba sa jiran takarda. Shi ya sa gwamnati ta ɗebi ƙarin ma'aikatan kwastam, ta gina wuraren duba kaya a tashoshin Dublin da Rosslare, ta yi ta bin 'yan kasuwa su yi rajista tun wuri. Kamfanonin jiragen ruwa su ma suka ƙara jigila kai tsaye daga Rosslare zuwa Cherbourg da Dunkirk a Faransa, tafiyar ta fi tsawo amma ba ruwanka da kwastam ɗin Birtaniya. Rosslare da a da ba a cika jin sunanta ba sai ga shi ta zama babbar ƙofa.

Maganar iyaka ce ta fi ba da ciwon kai, don ba ta kuɗi ba ce kaɗai. Yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998 ce ta kawo ƙarshen zub da jini na kusan shekara 30 a Arewacin Ayilan, ba wanda ke son ganin shinge ya dawo. Ayilan ta shawo kan sauran ƙasashe 26 suka ɗauki wannan a matsayin matsalarsu duka, aka mayar da duba kayan zuwa tashoshin ruwan Arewacin Ayilan, rigimar da ta ja har aka sake gyara a Fabrairun 2023. Daga asusun rage raɗaɗi na Tarayyar kuma, mai wajen yuro biliyan 5, Ayilan ce ta samu kaso mafi tsoka, kimanin biliyan 1. Masuntan Ayilan dai har yanzu suna ƙorafi, don an yanke musu kason kifin da suke kamawa a ruwan Birtaniya.